Leoma: Gwanayen da Ke Tono Ma'anar Kalmar da Masu Ita Suka Shuɗe

Idan aka ɗauko takardar da wani malami ya rubuta a Ingila shekara dubu da suka wuce aka miƙa wa Baturen Landan na yau, juya ta kawai zai yi ta yi. Zai ga haruffan da bai taɓa gani ba, ya ga kalmomin da ba su yi masa kama da komai ba, alhali kuwa harshen kakanninsa ne. Wannan shi ne tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila tun daga wajen ƙarni na 5 har zuwa wajen shekarar 1150. A cikin kalmominsa akwai wata mai daɗin faɗi, leoma. Ƙamus zai ce maka haske take nufi. To, amma wane irin haske? Na rana ko na fitila? Wanda ya cika ɗaki ko wanda ya tsargo ta kafar ƙofa? Kuma wa ya gaya wa mai ƙamus ɗin, tunda duk wanda ya sha wannan harshe a nono ya daɗe da zama ƙasa?

Akwai mutanen da aikinsu ke nan, masana tarihin kalmomi da masu haɗa ƙamus na tsofaffin harsuna. Gwanintarsu tana burge ni ƙwarai, domin ba su da wanda za su tambaya, kuma sun haramta wa kansu shaci-faɗi. Abin da suka dogara da shi shaida ce: su tattaro ta, su auna ta, su faɗi iyakar abin da ta nuna, su ja baki daga abin da ba ta nuna ba. Bin sawun leoma ita kaɗai ya isa ya nuna yadda suke aikin.

Kayan aikin nasu ba su da yawa. Duk abin da ya tsira na tsohon Turanci, daga waƙoƙi da wa'azi da dokoki da wasiyyoyi har littattafan magani, bai wuce kalmomi kusan miliyan 3 ba. Waƙoƙin kuwa ɗango wajen 30,000 ne, kuma mafi yawansu a littattafai huɗu kacal suka rage: ɗaya a cocin Exeter, wanda Bishop Leofric da ya rasu a 1072 ya bar wa cocin, ɗaya a garin Vercelli na arewacin Italiya, ɗaya a Oxford, na huɗun kuma a Landan, shi ne mai ɗauke da doguwar waƙar jarumta ta Beowulf. Da ɗaya daga cikinsu ya salwanta, da kalmomi da dama sun tafi ke nan har abada.

Saura ƙiris ma hakan ta faru. A watan Oktoba na 1731 gobara ta kama gidan Ashburnham a Landan, inda aka ajiye littattafan da Sir Robert Cotton ya tara. Littafin Beowulf, wanda shi kaɗai ne kwafinsa a duniya, ya tsira, amma wuta ta gasa gefen fatun da aka yi rubutun a kai, suka riƙa marmashewa suna tafiya da haruffa. A ƙarshen shekarun 1780 wani masani ɗan Iceland, Thorkelin, ya kwafe waƙar da hannunsa, ya kuma sa wani ya yi masa kwafi na biyu. A yau akwai haruffan da sai a waɗannan kwafin biyu ake samunsu. A 1845 aka ɗaura wa kowane shafi firam na takarda don ya daina zubewa, sai dai firam ɗin ya rufe wasu haruffan gefe. A shekarun 1990 Kevin Kiernan na jami'ar Kentucky a Amurka ya haska shafukan ta baya da fitila ta musamman, ya ɗauki hotunansu da kwamfuta, haruffan suka bayyana. Matakin farko na wannan sana'a ke nan: kafin ka ce ga ma'anar kalma, sai ka tabbata abin da kake gani shi ne abin da marubucin ya rubuta.

Daga nan sai a nemi inda masu harshen suka fassara kalmar da kansu. A nan sa'a ta faɗo wa masana. Malaman coci na Ingila da Latin suke karatu, kuma Latin ba harshensu ba ne, don haka idan kalma ta yi musu tsauri sai su rubuta ma'anarta da harshen gida a samanta ko a gefe, kamar dai yadda ɗalibin zaure yake sa 'yar fassarar ajami a tsakanin layukan littafin Larabci. Daga baya aka riƙa tattara waɗannan fassarori wuri guda. Ɗaya daga cikin mafi tsufansu shi ne jerin kalmomin da ke ajiye a garin Épinal na Faransa, wanda aka rubuta a wajen shekarar 700, kuma akwai ɗan'uwansa a Erfurt ta Jamus. A cikinsa an kawo kalmar Latin jubar, aka fassara ta da kalmomi biyu: leoma, ko kuma earendel. Latin kuwa ba ta taɓa ɓacewa daga hannun malamai ba, an san jubar sarai: hasken da ke tasowa daga wani abu na sama, musamman na gamzaki da na ketowar alfijir. Ka ga an samu bakin zare. Wani mutum da ya rayu shekara 1,300 da suka wuce ya gaya mana da alƙalaminsa cewa a kunnensa leoma da jubar sun yi kusa.

Amma gwani ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Sai ya bi duk inda kalmar ta fito, ya kwafe jimlar da take ciki, ya jera su yana kallo. A nan ne aikin ya fi daɗi.

Ga littafin tarihin shekara-shekara da aka fara harhaɗawa a zamanin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. A labarin wajen shekarar 891 marubucin ya ambaci fitowar tauraro mai wutsiya. Ya kawo sunansa na Latin, ya ƙara da cewa mutanen gari tauraro mai gashi suke kiransa, kuma dalilin da ya bayar shi ne doguwar leoma da ke miƙowa daga jikinsa. Wannan shaida ce mai nauyi, domin zube ne, ba waƙa ba, kuma mutumin yana ƙoƙarin siffanta abin da ido ya gani ne. Abin da za a iya cewa dogo ne, yana da mafari, yana miƙowa daga wani jiki, ba zai zama hasken da ya game gari ba. Tsirkiya ce ta haske, mai tushe da alƙibla.

Sai a koma Beowulf. Tun a farkon waƙar, inda mawaƙin fada yake ba da labarin halittar duniya, an ce Mahalicci ya kafa rana da wata. A ɗango ɗaya aka haɗa leoma da 'yar'uwarta leoht, wadda ita ce ta zama light a Turancin yau: rana da wata su ne leoma, abin da mazauna ƙasa ke samu daga gare su kuma shi ne leoht. Idan mai harshe ya ajiye kalmomi biyu kafaɗa da kafaɗa, kowace da aikinta, ya yi wa mai ƙamus rabin aiki. Ɗaya tana nuni ga abin da ke haskawa da annurin da ke fita daga gare shi, ɗayar kuma ga hasken da ake gani da shi.

Sauran wuraren da ta fito a waƙar sun ƙara tabbatar da haka. Fadar Sarki Hrothgar, mai suna Heorot, an yi mata ado da zinariya, kuma leoma ce mawaƙin ya ce tana tashi daga gare ta har a hango ta daga nesa. Wutar da macijin nan mai aman wuta yake fesa wa gidajen mutane a ƙarshen waƙar, an kira ta bryneleoma, an haɗa kalmar da ta ƙuna. Wutar da aka riƙe a hannu don shiga kogon dukiyar macijin ita ma sunanta ya ƙare da leoma. Mafi kyau duka shi ne takobi. Lokacin da jarumin waƙar, Beowulf, ya nutse ƙarƙashin tafki don yaƙar uwar dodon nan Grendel, ya kai mata sara da takobin aro mai suna Hrunting, takobin ya ƙi ci. A wurin mawaƙin bai ce takobi ba, beadoleoma ya ce, wato hasken yaƙi. Duk wanda ya taɓa ganin an zare takobi a rana ya san walƙiyar da ake nufi. Tauraro mai wutsiya, rana da wata, zinariya, harshen wuta, kaifin ƙarfe: abubuwa biyar mabambanta, amma dukkansu haske ne da ake ganin inda ya fito. Da haka ma'ana take fitowa, ba daga kan masani ba, daga abin da shaidun suka haɗu a kai.

A nan kuma ake gane gwani da ɗan koyo, domin waƙa tana da tarko. Waƙar tsohon Turanci ba ta dogara da amsa-amon ƙarshen ɗango ba. Ƙa'idarta ita ce a raba ɗango gida biyu, a ɗaure su da kalmomin da suka fara da sauti iri ɗaya. Saboda haka mawaƙi yana buƙatar tarin kalmomi masu ma'ana kusa da juna, ya ɗauko wadda farkonta ya dace. Yana da leoht da leoma idan sautin la yake nema, yana da scima, yana da glæm, yana da beorht da torht na siffanta abu mai sheƙi. Wani lokaci kenan ba don bambancin ma'ana aka zaɓi kalma ba, don sauti ne. Masanin da ya san aikinsa yana tuna wannan a kowane ɗango. Ba ya ɗora wa kalma nauyin da ba ta ɗauka ba, kuma yana ba zube fifiko idan ana maganar ma'ana ta yau da kullum.

Akwai ma inda suka tsaya suka ce shaida ba ta kai a yanke ba. Bayan Hrunting ya ci amanar Beowulf, ya hango wani ƙaton takobi na mutanen da a cikin kogon da ke ƙarƙashin tafkin, ya fizgo shi ya sare wuyan uwar dodon. Nan take, in ji waƙar, leoma ta haskaka wurin. Ta mene ne? Wasu masana sun ce takobin ne ya yi walƙiya, tunda ba a jima da kiran takobi hasken yaƙi ba. Wasu sun ce wutar nan ce da jarumin ya gani tana ci a kogon tun shigarsa, wadda ita ma an kira haskenta leoma. Wasu kuma sun ce alama ce daga sama cewa alheri ya rinjayi sharri. Masu sharhin kirki sukan kawo duka ukun, su faɗi hujjar kowanne, su nuna wanda suka fi karkata gare shi, su bar ƙofa a buɗe. Wannan riƙon amana shi ne abin da ya fi ɗaukaka sana'ar a idona. Mutum ya shafe shekaru a kan ɗango ɗaya, amma son a ce ya gano bai sa ya ƙara wa shaida gishiri ba.

Wata hanyar kuma ita ce neman dangin kalmar a wasu harsuna. A tsohon harshen mutanen Iceland da Norway akwai ljómi, a tsohon harshen Sakson na arewacin Jamus akwai liomo, duk da ma'anar annuri. Waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne, ba su da wuyar ganewa. Abin da ya fi wuya shi ne dangi na nesa. Rasmus Rask ɗan Denmark a 1818, da Jacob Grimm na Jamus a 1822, sun nuna cewa sautuka ba sa canzawa barkatai, tsari suke bi. Inda Latin ke da sautin ka, Turanci da Jamusanci da danginsu suna da ha. Ƙaho a Latin cornu ne, a Turanci horn. Ɗari a Latin centum ne, da ka ake furta farkonsa, a Turanci kuma hundred. Da wannan ma'auni aka gane cewa ha ɗin da ke cikin leoht ita ce ka ɗin da ke cikin lux, haske a Latin. Ita leoma daga wannan saiwa ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeya mai sautin ma, ha ɗin ta faɗi a hanya. Latin ma ta yi irin wannan ginin ta samu lumen. Sunan wata a Latin, luna, ɗan gidan ne, haka ma leukos na Girkanci mai nufin fari, wanda daga gare shi likitoci suka samo sunan kansar jini, lukimiya.

Amma kama da wane ba ta wane. Duk wanda ya ga leoma ya kuma san kalmar gleam ta Turancin yau, mai nufin ƙyalli, zai rantse harafi ɗaya aka ƙara. Masana sun bi ta baya suka tarar da ita glæm ce tun a tsohon Turanci, wasalinta daban, saiwarta daban, ba su haɗa kaka ba. Ga wani tarkon da ya fi wannan. A Turancin yau light tana nufin haske, tana kuma nufin abu mara nauyi, kuma tun a tsohon Turanci ana iya samun su biyun da rubutu iri ɗaya. Mai gaggawa zai ƙirƙiro hikima ya ce ai haske ba shi da nauyi, shi ya sa. Gwani kuwa sai ya leƙa maƙwabta. Jamusanci ya raba su, Licht da leicht. Latin ta raba su, lux da levis. Ashe kalmomi biyu ne mabambanta da tafiyar zamani ta goge su har suka zama kamar tagwaye. Ƙa'idar sauti ce alƙali a wannan fage, ba kunne ba.

Saura tambaya guda: ina leoma ta tafi? Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya mamaye fada da kotu, kalmomin gida da yawa suka ja baya. Leoht ta tsira, ta zama light. Haruffa biyun nan na tsakiyarta da yau ba a furtawa, alamar sautin maƙogwaro ne da ake furtawa a da, wanda Bajamushe har yanzu yake yi a tasa kalmar. Ita kuwa leoma ta koma leme, kuma Chaucer, babban mawaƙin da ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita ga harsunan wuta. Daga nan ta riƙa janyewa daga Turancin birni da na littafi, ta maƙale a bakin mutanen karkara na arewacin Ingila da Sikotland, ana rubuta ta leam.

Waɗanda suka bi ta har can sun cancanci a ambace su. James Murray, ɗan Sikotland da ya bar makaranta yana ɗan shekara 14, ya karɓi ragamar babban ƙamus na Oxford a 1879. Ya roƙi masu karatu a ko'ina su riƙa aiko masa da guntayen takardu, kowace ɗauke da kalma ɗaya, da jimlar da aka same ta a ciki, da sunan littafin, da shekararsa. Miliyoyin takardu suka taru a wata rumfar kwano da ya gina a gidansa. Aikinsa da na mataimakansa shi ne su baje takardun kalma guda a kan tebur, su jera su daga mafi tsufa zuwa na baya-bayan nan, su ware su tsibi-tsibi gwargwadon ma'ana, har rayuwar kalmar ta fito fili. Kashin farko ya fito a 1884. Murray ya rasu a 1915 bai ga ƙarshe ba, aka kammala a 1928 da kalmomi sama da 400,000.

Sai Joseph Wright, wanda aka haifa a yankin Yorkshire a 1855. Yana ɗan shekara 6 yake kora jaki a wurin fasa dutse, daga baya ya shiga masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15. Wannan yaron ne ya je Heidelberg ya yi digirin digirgir, ya zama farfesa a Oxford, ya fitar da ƙamus na karin harsunan Ingila mai juzu'i 6 daga 1898 zuwa 1905. Irin aikinsa ne ya nuna cewa kalmar da malamai ke karantawa a fatun shekara dubu tana nan da ranta a bakin manoma da makiyaya waɗanda ba su taɓa jin sunan Beowulf ba.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan kalma ɗaya, me ta haifar? Abokiyar leoma a jerin Épinal ta ba da amsa. Earendel kalma ce da ta fito a wurare kaɗan ƙwarai. A wata waƙar addini ta littafin Exeter an kira Almasihu da ita, a wani littafin wa'azi kuma an siffanta Annabi Yahaya da ita, mai zuwa gabanin wayewar gari. Da waɗannan, da kuma jubar da leoma, aka fahimci tana nufin gamzaki ko hasken asuba. Wani ɗalibin Wright, J. R. R. Tolkien, ya ci karo da ita yana karatu a Oxford, ta shiga ransa, a 1914 ya rubuta waƙa a kan wani matuƙin jirgin ruwa mai wannan suna, kuma daga nan duniyar tatsuniyoyinsa ta fara tsiro. Shi kansa ya yi aiki a ƙamus na Oxford daga 1919 zuwa 1920. A watan Maris na 2022 kuma, masana taurari suka sanar cewa madubin hangen nesa na Hubble ya hango wani tauraro da haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 12.9 kafin ya iso, suka raɗa masa suna Earendel. Ba don wasu sun zauna sun tantance 'yar fassarar da wani malamin coci ya rubuta ba, da babu wanda zai san sunan ya dace.

Aikin bai ƙare ba. A 1898 aka kammala ƙamus na tsohon Turanci na Bosworth da Toller, Toller ya ƙara masa cikon juzu'i a 1921, kuma ɗalibai suna amfani da shi har gobe. A 1970 Angus Cameron ya kafa sabon aiki a jami'ar Toronto ta Kanada: aka zuba aƙalla kwafi ɗaya na kowane rubutun tsohon Turanci da ya tsira a kwamfuta, don kada wata shaida ta kuɓuce, sannan aka fara bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Cameron ya rasu, waɗanda suka gaje shi wasu sun tsufa sun miƙa wa na baya, fiye da shekara hamsin ke nan ba a kai harafin ƙarshe ba. Kwamfuta tana iya zaƙulo duk inda leoma ta fito cikin ƙiftawar ido, amma ba ita za ta ce wannan takobi ne, wancan wuta ce, na ukun kuma a dakata tukuna ba. Wannan sai mutumin da ya san Latin, ya san ƙa'idar sauti, ya san dabarun mawaƙa, ya kuma yarda ya fara aikin da ya san wani ne zai ƙarasa. Irin waɗannan mutane kowane harshe yake buƙata, kuma harshen da ya same su ya yi babbar sa'a.